Ihun da Na Kwarara a Bakin Tafkin Maga

Ko da za a buɗe kaina a fito da ƙwaƙwalwar, a wanke ta da sabulun salo sau bakwai a shanya a kan danga, ihun da na kwarara wata safiya a bakin tafkin Maga, can arewacin Kamaru, ba zai goge ba. Ni dama mutum ne da Allah ya hore wa murya. Idan na yi atishawa a gidana na Badariya cikin Birnin Kebbi, sai jakunan garin Zauro su daina kiwo su ɗaga kunne. Na yi ihu iri-iri a duniya, amma wancan shi kaɗai ne na biya da haƙorina.

Lokacin jiharmu ta Kebbi tana jaririya. Mu ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato ofis bai ishe mu ba. Ni malamin gona ne, teburina a gindin dalbejiya yake, dutse ke danne mini fayil, awaki ke yi mini sakatariya. Ana nan sai aka ce za a tura wasunmu Kamaru su ga yadda ake noman shinkafa da ruwan tafki. Sunana ya fito, na taubashina ma ya fito. Ɗan ƙanwar babana ne, mutumin Argungu, yana aiki a sashen kifi. Siriri ne kamar sillen kara, shi ya sa nake ce masa Tsinke, shi kuma yana ce mini Ganga, wai saboda ciki da ƙara. Maganar da yake yi a shekara ba ta kai wadda nake yi kafin karin kumallo ba, amma kowace ɗaya sai ta bar tabo.

Tafiyar kuwa ba a magana. Mun ratsa Kano, mun ratsa Maiduguri, mun tsallaka iyaka, motar tana jijjiga mu har sai da hanjina ya koma inda huhuna yake. Da muka isa aka sauke mu a wani masaukin baƙi a bakin tafkin, bukkoki zagayayyu masu jinka, ruwa shimfiɗe a gabansu iyakar ganinka, gonakin shinkafa kuma a gefe.

Da la'asar na fito shan iska sai na ga Turawa kamar shida sun jeru a bakin ruwa, kowa ya manna madubin hangen nesa a ido, ba mai motsi.

Na ce, "Tsinke, mi waɗanga mutane sunka ɓatar? Ko wani nasu ya nutse?"

Ya ce, "Tsuntsaye suke kallo."

"Kallo? Ba kamu ba?"

"Kallo."

"In sun kalla sai mi?"

"Sai su rubuta cikin littahi."

Na yi dariya har na riƙe ciki. A wurina tsuntsu iri biyu ne kawai: wanda ke cin shinkafata da wanda nake ci da shinkafata. A ce mutum ya hau jirgin sama, ya bar iyalinsa, don ya zo ya zura wa balbela ido?

Ina cikin dariyar sai na ji an ce daga bayana, "Sannunku da hutawa. Wagga Hausa taku ta mutanen Kabi ta, ko kunnena na yi mini ƙarya?"

Na waiga. Wani tsohon Bature ne a kan kujera, gashinsa fari fat, sanda a tsakanin ƙafafunsa, tabarau a fuskarsa mai kauri kamar gindin kwalba. Hausar da ke fita bakinsa irin ta kakanninmu ce, wadda mu kanmu mun fara barin ta. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ashe yana saurayi ya yi aikin koyarwa a Birnin Kebbi, shi da matarsa. Ya ce da yamma sukan taka zuwa bakin tudu su leƙa fadama, su kalli gauraka suna rawa. Wanda bai san gauraka ba, tsuntsu ne dogo, baƙi, mai farin fiffike, da wani tukku ruwan zinariya a ka kamar an dasa masa tsintsiya. Matar ta rasu. Shi kuma idonsa na hagu ya riga ya rufe, likitoci sun ce na daman ma ba zai kai baɗi ba. An gaya masa akwai sauran gauraka a wannan tafkin, shi ne ya taso.

Ya ce, "So nike in ga rawarsu sau guda kamin duhu ya rufe. Kwana biyar ke nan ina jira. Amma ku gaya mini, suna nan fadamar Zauro har yanzu?"

Bakina bai tsaya shawara da ni ba. Na ce, "Baba, suna nan? Ai sai mun ture su da ƙafa kamin mu shiga gona. Bara guda ta bi ni har gida."

Taubashina ya yi tari.

Tsohon ya ce, "To madalla. An ce mini sun ƙare." Daga nan ya gayyace mu mu raka shi washegari da sassafe.

A nan sai na yi muku bayanin wani abu, don kada ku yanke mini hukunci da sauri. Duk ɗan da aka haifa a gidan manoman shinkafa a fadamarmu, da zarar ya iya tafiya sosai, aikinsa na farko shi ne tsaron tsuntsu. Idan shinkafa ta fara nuna, za a ɗora ka a kan rumfa a tsakiyar gona tun fitowar rana, a ba ka igiya da aka ɗaura wa gwangwanaye, da majajjawa. Abokin gaba shi ne janbaki, waɗannan ƙananan tsuntsayen da ke zuwa kamar hadari, su sauka su share wahalar shekara kafin ka gama hamma. Ka gan su ka yi shiru, ranar bayanka zai san dorinar babanka. Na yi shekara takwas a kan rumfa. Ihun korar tsuntsu ba a kaina yake zaune ba, a cikin ƙashina yake.

Bayan sallar asuba muka bi mai yi wa Turawan jagora, wani dattijon Bafulatani, zuwa wata maɓoya ta zana da aka kafa tsakanin tafki da gonaki. Ya kafa mana doka ɗaya: ba magana. Muka tsugunna. Gari na wayewa ruwa ya cika da tsuntsaye. Ga dinya, ga kirinjijiya suna fito, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran hukunci. Zan faɗi gaskiya, abin ya fara burge ni. Can sai jagoran ya taɓa kafaɗar tsohon, ya nuna da leɓe. Gauraka takwas ne suka sauko, suna takowa a hankali zuwa wajenmu. Tsohon ya ɗaga madubinsa yana laluben inda suke.

Daidai lokacin na ji wani sauti da na sani fiye da muryar uwata. Fuuu! Na ɗaga kai. Garken janbaki ne ya karyo ya nufi gonar da ke damanmu, shinkafa ta sunkuyar da kai, ta nuna jawur.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ture zanar, na fizgi butar da na zo da ita na shiga buga ta da tafin hannu, na buɗe maƙogwaro gaba ɗaya: "Haaaa-yaaa! Haaa! Ku tashi, 'yan banza!"

Janbaki suka tashi. Dinya suka tashi. Kirinjijiya suka tashi. Zalɓe ya manta da ɗaya ƙafar ya tashi. Ina kyautata zaton kifayen tafkin ma sun so su tashi. Gauraka takwas suka buɗe fiffike suka miƙa can tsakiyar ruwa har suka zama ɗigo. Na tsaya riƙe da buta ina haki, har da ɗan alfahari, don gonar ta tsira. Sai na juya na ga fuskoki.

Wata Baturiya ta faɗi wasu kalmomi waɗanda ba a koya mana a makaranta ba. Jagoran ya dafe kai. Taubashina ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Sannu da aiki, Ganga. Gonar ubanka ta?"

Tsohon kuwa ya sauke madubin a hankali. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Muryar fadama. Na daɗe ban ji ta ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban kai ga samo su cikin madubin ba."

Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Jagoran ya ce gauraka tsuntsu ne mai riƙo, sun koma wani tsibiri mai ciyawa a cikin tafkin, kuma ba za su sake kusantar wannan gefen ba sai bayan kwanaki. Motar tsohon kuwa gobe da azahar za ta zo ta kai shi filin jirgi. Jirgin ruwan masaukin mai inji ne, tun daga nesa za su ji shi su gudu. Shi ke nan, in ji shi, sai haƙuri.

Ni ba a san ni da fasa cin abinci ba, amma ranar ko shayi ya ƙi wucewa. Na sami tsohon a ƙofar bukkarsa na durƙusa na ce, "Baba, ni na kore su, ni zan kai ka gare su. In Allah ya yarda ba ka barin garin ga sai ka gani."

Ya ce, "Malamin gona, kada ka wahal da kanka."

Na ce, "Na riga na faɗa."

Da na tashi sai na tuna ban san ta yadda zan yi ba. Na tafi wurin taubashina, na sauke girman kai na ajiye a gefe.

"Tsinke, ɗan gwaggona, mai ruwa da kifi."

"Yau kuma? Jiya bawanka nike."

"Jiya ta wuce. Yaya kuke yi ku kama agwagwar ruwa da hannu a Argungu?"

Ya daɗe yana kallon tafkin. Sannan ya ce tsuntsun ruwa ba ya tsoron abin da ruwa ya kawo. Ciyawa na yawo a kan ruwa kullum, gora na yawo, ba mai kula su. Idan aka lulluɓe kwalekwale da ciyawa, aka kwantar da tsohon a ciki, mutum biyu suka shiga ruwa suka rungumi gora suna tura shi sannu-sannu kamar iska ce ke kora shi, za a iya kaiwa har gabansu.

Ya ce, "Abu guda na matsala. Aikin na buƙatar shiru, kai kuwa ko barci kake kana ba da labari."

Na ce, "Gwada ni."

Ya ce in yi shiru har ya shanye kofin shayinsa. Kurɓa uku ya yi na tambaye shi ko sukari ya ji. Muka sake. Na kai rabin kofi, sai wani zakara ya wuce da wata irin tafiya da ba zai yiwu a bar ta ba sharhi ba. A karo na uku na cije hulata, na kai ƙarshe, gumi na zuba. Ya ce, "To, akwai alamar mutum cikinka."

Sauran 'yan tawagarmu suka tafi kallon madatsar ruwa, mu muka nufi unguwar masunta. Shugaban tawaga ya ce zai rubuta sunana cikin masu gudun aiki. Na ce ya rubuta da manyan baƙaƙe. Cikin ikon Allah muka sami wani masunci wanda kakansa daga ƙasar Kabi ya zo. Da ya ji bakin taubashina sai ya rungume shi, ya ba mu aron kwalekwale da manyan goruna biyu. Yinin ranar na yi shi cikin laka da lauje ina yankar ciyawa. Muka kafa ƙananan sanduna a jikin jirgin, muka yi masa rufi, muka bar 'yar taga a gaba. Da muka gama, ko saniya ta gan shi sai ta kai baki.

Washegari muna sallame sallar asuba muka kwantar da tsohon a ciki a kan tabarma da matashi. Yana ta dariya ƙasa-ƙasa, wai rabon da ya yi wauta irin wannan tun yana saurayi. Masuncin ya ja mu da nasa jirgin har muka hango tsibirin, ya sake mu ya koma. Muka zame cikin ruwa. Taubashina ya ɗora mini ciyawa a ka, ya miƙo mini igiyar jirgin ya raɗa mini, "Ka ji magana ta taso, ciji wagga."

Jama'a, ruwan safiya ba abokin mai ƙiba ba ne. Sanyi ya shige ni har ɓargo. Muna turawa taki ɗaya, mu tsaya, mu sake turawa. Taubashina na tafiya a ruwa kamar a tsakar ɗakinsa, ni kuwa gorar na zillewa, ina rungumarta kamar za a ƙwace mini. Matsattsaku suka gano ni. Ina jin su suna kiran 'yan'uwansu daga ƙauyuka cewa ga walima ta zo. Can nesa wata dorinar ruwa ta yi gurnani, na karanta duk addu'ar da na sani a zuci har da ta shiga kasuwa. Labarai kusan goma sha biyu suka zo mini, masu daɗi, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Taubashina ya ce tafiyar ba ta wuce awa biyu ba. Ni a lissafina damina uku ce.

Sannu a hankali ƙafata ta taɓa laka. Na leƙa ta cikin ciyawar kaina. Ga su nan. Ba takwas ba, sun fi ashirin, suna kiwo a gefen tsibirin, rana ta fara taɓa tukkayensu suna walƙiya. Muka ƙara matsawa har ina ganin jan da ke kumatunsu. Ɗaya ta ɗaga kai ta dube mu, ta ga ciyawa ce, ta ci gaba da harkarta. Amma ba su rawa. Kiwo kawai suke.

Sai na ji shi. Fuuu!

Ashe a cikin ciyawar tsibirin janbaki ke kwana. Suka taso gaba ɗaya, suka rufe rana, suka bi ta saman kaina ƙasa-ƙasa har iskarsu na kaɗa ciyawar, sun nufi gonakin mutane. Ihun ya taso daga babban yatsan ƙafata. Na ji shi ya wuce gwiwa, ya wuce ciki, ya cika ƙirji. Muryar babana na ce mini, kana gani, ɗan banza, kana gani! Na cusa igiyar a baki na datse. Na datse har idanuna suka kawo ruwa, har na ji wani abu ya ce ƙas a cikin bakina. Ban saki ba. Na nutsar da fuskata cikin ruwa na yi ihun a can, kumfa ta taso, kifaye suka sha abin da suka sha.

Da na ɗago, janbaki sun wuce, gauraka na nan.

Ban sani ba ko iskar garken ce ta motsa su. Ɗaya ta buɗe fiffike ta sunkuyar da kai gaban wata, ta yi tsalle sama. Ɗayar ta amsa. Sai ga su biyu-biyu suna tsalle, suna rusunawa, suna zagaya juna, wata ta tsinci ɗan kara ta jefa sama ta cafe. Na girma a fadama amma ban taɓa tsayawa na kalli wannan abin ba. Ta 'yar tagar na hango tsohon. Ya ajiye madubin hangen nesan a gefe, don ba ya buƙatarsa. Ya tallafe haɓa, leɓunansa na motsi kamar yana yi wa wani na kusa da shi magana.

Sun daɗe suna yi. Da rana ta ɗaga suka tashi don kansu, ba wanda ya kore su. Sai da suka ɓace sannan muryar tsohon ta fito daga cikin ciyawa.

"Na gani."

Ba wanda ya ce komai. Ni ma, ku rubuta wannan, ban ce komai ba.

Can tsohon ya ce, "Malamin gona, in ka koma gida ka gaishe mini da na Zauro."

Na tofar da igiyar, haƙorina na gaba ya biyo ta. Na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ban san rabon da in ga gauraka a fadamarmu ba."

Ya ce, "Na sani. Ɗan'uwanka ya yi tari."

Taubashina ya yi dariya har ya saki gorarsa. Tun muna yara ban taɓa jin ya yi irin ta ba.

Da azahar motar ta zo. Tsohon ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya yi mana sallama irin ta mutanen da, ya tafi. Ban sake jin labarinsa ba. Taubashina ya cire mini matsattsaku, ya ce bakwai ne, ni na san sun fi saba'in. Kafin mu iso gida ya riga ya tsara yadda zai ba da labarin, kuma har yau idan na shiga Argungu sai wani ya ɗaga hannu daga nesa ya ce mini haaa-yaaa.

Da na dawo na yi sati ina zuwa fadamar Zauro da sassafe, ni kaɗai, in zauna a kan kunya in yi shiru. Na ga balbela, na ga shamuwa, na ga wasu da ban san sunansu ba duk da tare muka girma. Gauraka ko ɗaya. Na tambayi tsofaffi, suka ce ai sun daɗe da ƙaura, tun da aka nome wuraren da suke ƙwai, aka kuma riƙa kama su ana kai wa masu kiwonsu a gida. Kullum ina cikin fadamar nan, amma sai da wani tsoho mai rabin ido ya zo daga wata duniya sannan na san an yi mana rashi.

Abin da na koya ke nan. Na yi shekara arba'in ba na ɗaga kai sama sai don in kori wani abu, shi ya sa ban lura da ranar da abin da ya kamata in kalla ya tafi ba. Har yanzu ina korar janbaki, don iyalina ba za su ci rawa ba. Amma yanzu kafin in buɗe baki nakan duba in ga wa ke tsaye a wurin, da abin da ihuna zai tasa. Idan kuma na manta, sai harshena ya faɗa cikin giɓin nan ya tuna mini.